Mai Ɗaci da Ƙafar Tela

Mai Ɗaci ya ƙara jan takunkumin fuskarsa sama har ya kusa rufe masa ido, sannan ya matsa can ƙarshen benci inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ba mura yake yi ba, ko tari bai yi ba tun da ya zauna. Takunkumin nan na kunya ne. Da sassafe ya tsallake asibitin da ke bayan kasuwarsu, ya tsallake na unguwarsu, ya yi ta canjin mota har ya zo wannan na ƙarshen gari, duk don kada idon sani ya gan shi a layin masu ciwon sukari.

To ai dole. Wa bai san Mai Ɗaci ba? Shi ne mai rumfar nan ta layin 'yan ganye, mai lasifika a kan sanda, wanda yake dafa garafuni da shuwaka da saiwoyin dutse ya ɗura a kwalabe ya ce maganin sukari ne. Tallarsa har yara sun haddace ta: "Ku dube ni, jama'a! Jikan mutanen dutse ne ni! A zuriyarmu kaf ba a taɓa yin mai sukari ba!" Da can da bakinsa yake faɗa yana dukan tumbi, daga baya ya naɗi muryar tana yi da kanta, shi kuma ya zauna yana shafa tumbin. Tumbin shi ne shaidarsa. Duk wanda ya yi gardama sai a nuna masa shi a ce, wannan ya yi kama da na marar lafiya?

Matarsa ce ta fara ganowa. Ta ga ƙishirwa ba ta sakinsa, ta ga ya mai da banɗaki ɗakinsa na biyu. Ranar da ta ga kiyashi sun yi dandazo a inda ya yi fitsari, sai ta same shi yana shan shayi ta ce, "Baban yara, alamar kiyashin nan ba kai kake faɗa wa mutane ita ba?" Ya yi ta faɗa kamar zai ari baki. Ta bar shi ya gama, ta ce ita dai ba za ta sake ɗora masa tukunya ba sai ya je an auna shi. Kuma ta cika alkawari, matar nan ba ta wasa. Makon jiya aka ɗebi jininsa, yau ya zo jin sakamako.

"Bawan Allah, sabon zuwa ne?"

Wata dattijuwa ce a gefensa, mai jaka a cinya. Ya gyaɗa kai.

"Na gani ai, sai zufa kake yi." Ta waiga hagu da dama, ta buɗe bakin jakar kaɗan ta nuna masa. Ya leƙa. Kwalbarsa ce, da murfinta ruwan ɗorawa, da ɗaurin ledar da yake yi da hannunsa. "Kada su wahalar da kai da ƙwayoyi. Ni ma 'yata ce ta matsa nake zuwa. Ka je babbar kasuwa ka ce a kai ka wurin Mai Ɗaci. Ƙaton mutum ne sambal, kana ganinsa ka ga lafiya."

"Na gode, Inna," in ji shi, da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Likita bai ɓata lokaci ba. Ya duba sakamako, ya ce ciwon sukari ne, irin wanda yake kama manya, kuma ya daɗe a jikinsa. Ya rubuta magani ya tura shi ɗakin da ke gaba, wurin nas mai yi wa sababbi bayani. Mace ce gajera mai tabarau a kan hanci, da gani ta gaji da jin ƙaryar marasa lafiya. Ta soki yatsansa, ta dubi na'urar, ta ce "Kai!" ta danna masa auduga.

"Sauke abin nan, Malam, ba na jin ka."

Ya sauke shi zuwa ƙasan hanci.

"Sana'a?"

"Kasuwa."

"A zaune ko a tsaye?"

"A zaune."

"Tun safe?"

"Har magariba."

"Shayi fa?"

"Kaɗan-kaɗan."

"Na san kaɗan ɗinku, sukari sai cokali ya tsaya a kofi. Lemon kwalba?"

Ya ɗaga kai yana kallon silin. Ta ɗauko awo irin na teloli ta zagaya da shi cikinsa, hannunta bai kai ba, ta ce ya riƙe mata kan. Yana riƙe da awon nan yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tumbin da ya yi shekaru yana tallatawa, ga shi yau ana auna shi ana girgiza kai.

"A dangi akwai mai ciwon?"

Bakinsa ya riga shi. "A zuriyarmu kaf ba a taɓa yin..." Ya datse harshe, amma ina, magana ta riga ta fita.

Nas ta ɗago kai ta dube shi ta saman tabarau, sai ta fashe da dariya. "Kai ma ka haddace tallar mutumin nan? Mai lasifikar kasuwa? Wallahi da zan gan shi ido da ido, da sai na zaunar da shi a ɗakin wankin gyambo ya wuni yana kallo." Dariyar ta ɗauke. "Ni ba ni da faɗa da ganye, Malam. Uwata tana ci, ni ma ina ci. A ci shi a abinci, a rage zaƙi, a tashi a motsa jiki, wa ya hana? Amma ka ce wa mutum ya zubar da ƙwayarsa? Kai ɗan dutse ne?"

"E."

"To leƙa bencin can, naku sun fi yawa. Iyayenku suna hawa dutse da kaya a ka, suna cin abin da suka shuka da abin da suka tsinko. Ku kuka sauko gari kuka samu kujera, ga burodi ga lemo. Jinin bai canza ba, zaman ne ya canza. Cire takalmi."

Ta ɗauko wani siririn tsinke mai lanƙwasa, kamar na tsintsiya, ta ce ya rufe ido. Ta taɓa babban yatsansa.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Nan fa?"

"Na ji."

"Ka gode wa Allah. Ka riƙe wannan ko ka manta da komai: ranar da ƙafar mai sukari ta daina zafi ta daina jin komai, ba sauƙi ba ne, jijiya ce ta mutu. Mutum ya taka ƙusa bai sani ba, wurin ya ruɓe bai sani ba, sai an zo ana maganar yankewa. Kowane mako sai mun gani."

Mai Ɗaci yana zaune da takalmi ɗaya a hannu. Tela ne ya faɗo masa a rai.

Tela amininsa ne tun suna samari. Shagonsa yana layin bayan nasu, keken ɗinkinsa na ƙafa ne, da shi ya aurar da 'ya'ya, da shi yake ci har yau. Duk rigar da ke jikin Mai Ɗaci shi ya ɗinka ta, kuma shi yake buɗe ta duk sanda tumbi ya ƙaru, yana tsiya yana cewa yadi ya kusa ƙarewa a gari. Da sukari ya kama Tela yana shan ƙwayar asibiti, Mai Ɗaci ne ya zauna da shi bara ya ce, haba, ga amininka mai maganin kana wahala? Tela ya yarda, ya zuba ƙwayoyin a kwata. Makon jiya kuwa ya zo da murna, wai zafin da ƙafarsa take yi kamar an zuba barkono ya ɗauke ɗif, ba ya jin komai. Mai Ɗaci ya rungume shi, ya kashe naɗaɗɗiyar muryar, ya kara masa abin magana a baki ya ba da shaida duk layi suna ji. Kuma yau ce ranar da yake zuwa karɓar sabuwar kwalba.

"Malam, lafiya? Sa takalminka, akwai mutane a baya."

A mota ƙishirwa ta taso masa kamar ya haɗiyi yashi. A kowace tsayawa masu talla sai sun turo lemo mai sanyi ta taga, raɓa tana gangarowa a jikin roba. Sau ɗaya har hannunsa ya kai aljihu, sai ya taɓo kwalin ƙwayoyin da ya karɓo, ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya sayi ruwa.

A yi masa adalci, shi bai taɓa ɗaukar kansa maƙaryaci ba. A kan dutse aka haife shi, kafin masu fasa dutse su zo da motocinsu su cinye rabin gonakin, mutane su watse zuwa gari. Ya ga tsofaffinsu siraran mutane masu ƙarfi, ba ya tuna wanda aka ce yana da sukari. Ya ga ganyen nan a kowace tukunya, safe da yamma. Da ya zo gari ganyen ya fara sayarwa na miya, ɗauri-ɗauri, ba riba sai wahala. Wata rana wani ya tambaye shi ko gaskiya ne yana maganin sukari, ya ce ai mu can ba mu san sukari ba. Daga nan aka samu kwalba, daga kwalba aka samu lasifika, daga lasifika aka samu kujera mai hannu.

Abu ɗaya ne ko matarsa ba ta sani ba. Shi Mai Ɗaci ba ya iya shan ɗaci. Tun yana yaro sai an bi shi da gudu kafin ya ci ganyen nan. Kwalbar da yake ɗagawa a gaban masu saye ya kwankwaɗa yana lumshe ido, tasa ce ta daban, mai jan murfi, kuma kafin ya fito gida sai ya narka mata zuma da sukari har ɗacin ya kwanta. Shekara da shekaru yana shan ruwan zaƙi a gaban jama'a da sunan maganin sukari. Yanzu da ya tuna, sai ya rufe fuska da tafin hannu, har na kusa da shi ya tambaya ko rasuwa aka yi masa.

Kafin ya shiga kasuwa ya cire takunkumin ya cusa a aljihu, ya gyara hula, ya turo ciki gaba yadda ya saba. Rana ta riga ta take. A bakin rumfarsa ya tarar da Gwaggo, yayar mahaifinsa, zaune a kan buhun ganye. Ita take kawo masa kaya daga abin da ya rage na dutsen, ita take tsinka, ita take ɗauka a ka daga tasha, ga ta siririya kamar sanda. Ta buɗe ɗan kwanonta tana cin dafaffen ganye da hannu.

"Sai yanzu? Na ce ko naƙuda ce ta kama ka a hanya." Ta nuna tumbin da haɓa. "Watansa nawa yanzu?"

"Gwaggo, ina wuni. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan ƙanena. Kai ne dai na ga idonka ya faɗa."

Ya buɗe rumfa, ya jera kwalabe, hannunsa ya danna lasifika da kansa kamar kullum. "Ku dube ni, jama'a!" Muryar ta daki kunnensa, ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, amma ya kasa kashewa, don ranar da lasifikar nan ta yi shiru sai layi duka ya zo tambaya. Gwaggo ta dubi abin a kan sanda ta taɓe baki.

"Kullum in zo sai in ji kana cewa ba a taɓa yin mai sukari a zuriyarmu ba. Wa ya taɓa auna mu? Mu dai muna ci muna hawa dutse, wanda ya kwanta mu ce kwanansa ne ya ƙare." Ta suɗe yatsa. "Abin miya ka mayar da shi abin kwalba. Ku 'yan gari kun iya abin dariya."

Mai shayin da ke maƙwabtaka da shi ya iso da babban kofi, madara har tana zuba. "Ranka ya daɗe, yau an makara. Ga naka, na zuba yadda kake so."

"Ajiye, sai ya huce."

"Kai da kake sha yana tafasa?"

A lokacin ne Mai Ɗaci ya hango Tela. Yana tahowa a hankali ta tsakanin masu kayan miya, awo a wuya, kwalbar da ta ƙare a hammata, yana gaisawa da kowa. A ƙafar hagu takalmi ne, a ta dama silifa ne da aka yanke igiyarsa aka ɗaure da ƙyalle, don ƙafar ta kumbura ta ƙi shiga.

"Likitan likitoci!" in ji Tela tun daga nesa. "Gwaggo, sannu da hanya. Ɗanki ya warkar da ni, Allah ya biya ku."

Ya zauna a kan bencin baƙi ya miƙe ƙafar. An naɗe ta da guntun yadi mai fure, irin ragowar ɗinki, kuma wani ruwa ya ɓullo ta tsakiyar furen. Ƙuda ɗaya ya sauka, Tela bai kore shi ba.

"Me ya samu ƙafar?" Mai Ɗaci ya tambaya.

"Abin dariya. Allura na taka a shago, ta shige tsaf, na wuni ina taka keke ban sani ba. Sai da 'yar autata ta zo kawo mini abinci ta ga zare yana bin ni a ƙasa. Ka ji ƙarfin magani! Da da ne, ai da ihuna sai an ji a tasha."

"Yaushe?"

"An kwana biyu. Bar ta, za ta bushe."

Iska ta juyo, Mai Ɗaci ya ji warin. Gwaggo ma ta ji, don ta rufe kwanonta ta zuba wa ƙafar ido.

Ya gyara murya. Ya ce a ransa bari ya bi ta gefe, ya tura mutumin nan asibiti ba tare da ya tona kansa ba. "Aboki, ina ganin ka leƙa asibiti su wanke maka ita. Wanki kawai."

Tela ya ƙyalƙyale da dariya har awon wuyansa yana rawa. "Yau kuma? Mai shayi, zo ka ji! Mai Ɗaci yana tura ni asibiti!"

"Da gaske nake. Ko ƙwayar nan taka ta da, ba laifi ka riƙa haɗawa."

"In haɗa? Kai ka ce mini haɗawa ita take kashe ƙarfin ganye. Gwada ni kake yi, na gane ka. To ban karaya ba. Surukina ya yi magana, 'ya'yana sun yi kuka, na ce musu ku je ku dubi Mai Ɗaci. Mutumin da yake shan shayi kamar ruwa, lemo kamar ruwa, ga shi nan garau. In dai kana zaune a kan kujerar nan da tumbin nan, ni da asibiti sai dai in wuce ta ƙofa." Ya miƙa kwalbar. "Cika mini, ina da kayan mutane a kan keke."

Mai Ɗaci ya karɓi kwalbar. Da ya miƙa hannu sai idon Tela ya sauka a kan yatsansa. Audugar nan tana nan manne da ɗigon jini, ya cire takunkumi ya manta da ita. Tela ya yi shekaru ana sukar yatsansa, ya san wannan audugar kamar yadda ya san zare.

"Me ya samu yatsan?"

"Ƙaya ce. Wajen kwance buhu."

Gwaggo ta dubi buhun da take zaune a kai, ɗaurinsa ko taɓa shi ba a yi ba. Ta dubi ɗan ƙanenta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon.

"Allah ya sawwaƙe," in ji Tela, ya yarda nan take. Wannan yardar ita ta fi komai ciwo.

Mai Ɗaci ya juya musu baya, ya ɗauki mazurari ya kafa a bakin kwalbar, ya ɗaga jarka. Koren ruwan yana zuba a gefe. Ai abin mai sauƙi ne: ya cika, ya ɗaure leda, Tela ya tafi, rumfa ta zauna lafiya, sunansa ya zauna lafiya. Gobe ya riƙa haɗiye ƙwayarsa a banɗaki ba wanda ya sani. Ƙafarsa shi tana ji, an taɓa ta da tsinke ta amsa. Ta bayansa ya ji Tela yana ba Gwaggo labarin kayan makaranta da aka ba shi ɗinki, wai in ya dage da taka keke zai gama kafin a koma hutu.

Ya ajiye jarkar. Kwalbar ko rabi ba ta kai ba.

"Mai shayi, ɗauke kofin nan. Kawo mini ruwa."

"Ruwa? Zalla?"

"Zalla."

Ya jawo kujerarsa ya zauna daf da Tela, gwiwa da gwiwa. Nas ta ce kada ya sha ƙwayar da yunwa, shi kuwa tun safe ba abincin da ya shiga cikinsa. Ya miƙa hannu wajen kwanon Gwaggo. Ta buɗe masa tana kallonsa da mamaki. Ya ɗebi dafaffen ganyen ya kai baki, ɗacin ya naushe shi har cikin kunne, fuskarsa ta yamutse, hawaye ya cika masa ido. Ya tauna ya haɗiye, ya ƙara.

"Ikon Allah," in ji Tela. "Kai da kake kwankwaɗar kwalba guda ko gezau, ɗan ganye ne ya sa ka kuka?"

Mai Ɗaci ya ɗauko kwalbarsa mai jan murfi ya miƙa masa. "Ɗanɗana. Kaɗan, a harshe kawai."

Tela ya ɗanɗana. Ya tsaya. Ya sake lasar leɓe, ya dubi kwalbar, ya dubi mai ita.

Sai Mai Ɗaci ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalin. Takunkumin ya biyo shi ya faɗi ƙasa, bai ɗauka ba. Ya ɓalle ƙwaya ɗaya fara, ya ɗora a harshe, ya karɓi ruwan daga hannun mai shayi ya kora. Ya ajiye kwalin a kan gwiwar Tela. Ba sai an karanta masa ba, irinsa ne sak ya zuba a kwata bara.

Mai shayi ya tsaya da tire a hannu, baki buɗe. Mai ganyen da ke kallon rumfar ya daina yayyafa ruwa. A kan sanda murya tana ta cewa a zuriyarsu kaf ba a taɓa yi ba.

"Tun yaushe?" in ji Tela. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Yau aka faɗa mini. Sun ce ya daɗe." Ya kasa ɗaga ido, ƙafar nan mai furen yadi kawai yake kallo. "Rashin zafin nan ba sauƙi ba ne, aboki. Sun ce jijiya ce take mutuwa. In aka bar ta, yankewa ake yi. Ban sani ba wallahi, da na sani..." Ya ji maganar ba ta da wani amfani. "Kunyarka nake ji. Ka tashi mu tafi yanzu."

Tela ya jawo ƙafar kusa. Ya sunkuya ya danna kumburin da yatsa, wurin ya lotsa bai dawo ba. Ya ƙara dannawa da ƙarfi, yana kallon ƙafar kamar ta wani ce aka ajiye masa.

"Da ita nake taka keke," ya ce.

"Na sani."

"Ka sa ni na yi magana a abin nan. Surukina yana layin nan ranar, ya ji."

"Na sani."

Bai ce ya yafe ba, bai kuma zage shi ba. Ya cire awon daga wuyansa ya naɗe shi a hankali ya sa a aljihu, abin da ba ya yi sai zai rufe shago. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma. Mai Ɗaci ya miƙe ya sunkuya masa.

"Ba ta nan ba," in ji Tela. "Zagayo ta dama. Ita ce ba na ji."

Gwaggo ta riga ta sauka daga kan buhun tana kwance ɗaurin. Ta ture kwalaben gefe guda da bayan hannu, ta fara jera ganyen ɗauri-ɗauri a kan teburin, yadda ake jera na miya. "Ku tafi," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Ina nan."

"Wane asibiti za mu?" Tela ya tambaya da suka fito layi. "Wanda ka je yau?"

Mai Ɗaci ya tuna na ƙarshen gari, inda ba wanda ya san shi. Ya dubi ƙafar.

"Na bayan kasuwa. Ya fi kusa."

Suka kama hanya a hankali, hannun Tela a wuyansa, silifar tana jan ƙasa. Sai da suka yi nisa ya tuna bai kashe lasifikar ba. Muryarsa ta biyo su ta saman rumfuna, ƙatuwa, cike da ƙoshin lafiya: "Ku dube ni, jama'a!" Masu tumatir suka ɗago, masu nama suka ɗago, mata masu cefane suka ja gefe suna ba su hanya suna kallo. Zufa ta jiƙa masa riga, ya ji kunnuwansa suna zafi. Ya so ya koma ya kashe ta, amma nauyin Tela duka yana kafaɗarsa, in ya saki mutumin zai faɗi.

"Taka a hankali," in ji Tela. "Akwai kwata a gaba."